Wace kwamfuta ce ta dace da aikin zane da renda? Tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da nake yawan sha daga ɗaliban zanen gini, da masu haɗa katin biki da bana, da matasan da suka fara koyon tace bidiyo, wani lokaci har da iyayen da za su ciro kuɗin. Abin da ya sa na tara su wuri guda shi ne wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya: mutum ya shekara yana tari, ya shiga kasuwa, ya dawo da na'urar da ba za ta ɗauki aikinsa ba. Ba za ka ga farashi a nan ba, saboda dala yake bi, na yau daban na gobe daban.

Malam, a taƙaice dai: Windows ko Mac?

Bari in mayar maka da tambayar: da wace manhaja kake cin abinci? Ita ce za ta zaɓa maka, ba ni ba, ba kuma mai shago ba. Ɗauki takarda ka rubuta manhajoji uku ko huɗu waɗanda ba ka wuni ba ka buɗe su ba, sannan ka bincika a kan wace babbar manhaja, Windows ko ta Mac, kowacce take tafiya.

In a jerin naka akwai Revit, ko 3ds Max, ko Civil 3D, ko SolidWorks, ko cikakkiyar Lumion, an gama magana, Windows za ka saya. Waɗannan ba su da ta Mac. AutoCAD tana da ta Mac, amma kayan aikinta na musamman, irin na masu zanen gini da na masu wutar lantarki da famfo, a Windows kaɗai suke. In kuwa Final Cut Pro ce sana'arka, ita ma ta yanke hukunci, Mac kawai take hawa.

Sauran suna tafiya a ɓangarorin biyu: SketchUp, ArchiCAD, Rhino, Blender, Cinema 4D, Maya, Twinmotion, DaVinci Resolve, da kusan dukkan dangin Adobe. CorelDRAW ma ta koma Mac a 2019 bayan ta daɗe rabonta da can. A nan ne kake da zaɓi na gaske, kuma a nan ne tambaya ta biyu take shigowa: da wa kake musayar fayil? In ofishin da kake fatan shiga da Revit suke aiki, injiniyan da zai lissafa maka rodi shi ma da ita yake, to kai kaɗai ba za ka ware kanka ba. Aikin gini ba na mutum ɗaya ba ne.

To me ya sa manyan masu zane da muke gani Mac suke riƙewa?

Suna da dalili, ba ƙawa kaɗai ba ce. Tun watan Nuwamba na 2020 da Apple ya fito da masarrafarsa ta kansa, M1, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, na'urorinsa suka koma masu yin aiki da yawa da wuta kaɗan. Wannan a wajenmu ba ƙaramin abu ba ne. Laftof mai katin girafik ta Windows, da ka zare caja ƙarfinta yake zubewa, batir kuma ya ƙare cikin ɗan lokaci in aikin mai nauyi ne. MacBook kuwa yadda take gudu a kan caja haka take gudu a kan batir. Ƙaramar Mac mini mai M4 da ta fito a 2024, ko an ɗora mata aiki iya wuya ba ta wuce wat 65 ba. Ƙaramar sola ma za ta riƙe ta yini guda. Allon MacBook Pro kuma yana nuna launi daidai tun daga kwali. Ga mai tace bidiyo, da mai ɗaukar hoto, da mai zanen tambari da mujalla, na sha ba da shawarar Mac, kuma ban yi nadama ba.

Amma akwai abin da mai shago ba zai gaya maka ba. RAM ɗinta, wato ma'ajiyar da ke riƙe aikin da kake kai a lokacin, a manne yake, abin da ka saya da shi za ka zauna har na'urar ta tsufa. Kada ka karɓi mai giga 8 don aikin sana'a, komai arahar ta. Ba ta kuma karɓar katin girafik na kamfanin Nvidia. Tun fitowar macOS Mojave a 2018 aka raba gari. Blender tana renda a Mac, wato mayar da zane kamar hoton kyamara, kuma daga M3 zuwa sama abin ya ƙara sauri sosai, sai dai kuɗin da za ka kashe kan Mac mai ƙarfi, in ka zuba shi a kwamfutar tebur mai katin Nvidia, hotonka zai riga fita. MacBook Air kuma ba ta da fanka ko ɗaya, in aiki ya yi tsawo sai ta rage gudu don ta huce. Ga tsadar gyara in allo ya fashe.

Ba zan iya sa Windows a kan Mac in huta ba?

A da ana yi, ta hanyar Boot Camp, lokacin da Mac ke amfani da masarrafar Intel. Masu M1 zuwa sama ba su da shi. Abin da ya rage shi ne manhaja irin Parallels, wadda ke buɗe Windows a cikin macOS kamar ɗan haya. Za ta ishe ka leƙa fayil ko yin ɗan gyara. Kada ka gina sana'ar Revit ko Lumion a kanta.

Linux fa? An ce kyauta ce, kuma da ita ake haɗa manyan finafinai.

Gaskiya ne duka biyun. Manyan kamfanonin haɗa dabarun hoto a Amurka da Ingila da Kanada da Linux suke aiki, saboda Maya da Houdini da Nuke duk suna tafiya a kanta, kuma tana jure ɗaruruwan na'urori su kwana suna renda. Amma su suna da injiniyoyin da aikinsu kawai kula da ita ne.

Kai da kake kai kaɗai, ka sani babu Photoshop a Linux, babu Illustrator, babu AutoCAD, babu Revit, babu CorelDRAW. DaVinci Resolve tana nan, amma ta kyautar ba ta buɗe bidiyon H.264 a Linux, wato irin wanda yawancin wayoyi da kyamarori ke ɗauka, sai ka sauya shi tukuna. In Blender da Krita da Inkscape ne kayan aikinka, Ubuntu za ta yi maka, har ta farfaɗo da tsohuwar na'ura. In ba haka ba, ka bar ta sai ka sami ta biyu ta gwaji.

Wai mece ce renda ɗin nan, kuma wane ɓangare na kwamfuta ne yake yin ta?

Bayan ka gina gida a cikin manhaja, ka sa masa fenti da tayil da gilashi, abin da ke gabanka har yanzu zane ne. Renda ita ce lissafin da zai mayar da shi kamar hoton da aka ɗauka da kyamara. Kwamfuta za ta bi haske daga rana ko fitila, ya bugi bango, ya dawo kan tayil, ya ratsa taga, ya bar inuwa a ƙarƙashin kujera, ta maimaita wannan sau miliyoyi kafin hoto ɗaya ya fito. Shi ya sa take cin lokaci da wuta.

Ma'aikata biyu ne ke iya yin wannan lissafi. Akwai masarrafa, wadda ake rubutawa CPU, da katin girafik, wato GPU. Masarrafa kamar ƙwararrun magina ne su shida ko takwas ko goma sha shida, kowanne ya iya aiki mai sarƙaƙiya. Kati kuwa aikin gayya ne: dubban hannaye, kowa da fartanyarsa, aiki iri ɗaya ake yi a lokaci guda. RTX 4060 yana da irin waɗannan hannaye 3,072, RTX 4090 na tebur kuma 16,384.

Ga inda mutane ke kuskure. Lokacin da kake zana layi a AutoCAD, ko kake jan bango a Revit ko SketchUp, galibin aikin magini ɗaya ne ke yin sa, sauran suna zaune. Don haka saurin ƙwaya ɗaya ta masarrafa, wato magini ɗaya, ya fi yawan ƙwayoyin muhimmanci. Tsohuwar Xeon mai ƙwayoyi goma sha biyu tana iya jan ƙafa a SketchUp fiye da sabuwar Core i5. Lokacin renda kuma sai ka duba injin da kake amfani da shi. Corona da masarrafa take aiki, tana son ƙwayoyi da yawa, irin su Ryzen 9 ko Threadripper. Lumion da Twinmotion da Enscape da D5 kuwa kati suke ci. V-Ray da Cycles na Blender suna iya kowanne, amma Cycles a kan kati mai kyau ya fi sauri nesa ba kusa ba. Wanda bai san wannan ba sai ya zuba kuɗinsa a ɓangaren da manhajarsa ba ta taɓawa.

Mai shago ya ce Core i7 ce. Ai ta isa ko?

Wannan kalma ta cinye kuɗin mutane da yawa. Wani matashi ya taɓa shigo mini ofis da laftof siririya mai kyalli, yana murna, mahaifinsa ya sayar da shanu biyu an saya masa don aikin kammala karatu. Ya ce Lumion ce ta ƙi buɗewa, ko zan duba masa. Na shiga bayanan na'urar, na ga i7-7500U, ƙwayoyi biyu kacal, babu katin girafik na daban. Na daɗe ina kallon allon kafin in iya buɗe baki. Na'ura ce mai kyau ga ma'aikacin banki. Aikinsa ne ba nata ba.

Ka koyi karanta abin da ke bayan i7 ɗin. Lambar farko, ko biyun farko, ita ce zubin: 7500 zubi na bakwai ne, 12700 na goma sha biyu. Harafin ƙarshe kuma shi ke nuna halinta. U an yi ta ne don tattalin batir, wajen wat 15 take ci. H ta aiki mai nauyi ce, wajen wat 45, HX kuma ta fi haka. Core i5-12500H ta shafe wancan i7 ɗin ta ko'ina. Ryzen na AMD ma haka suke da U da H. Sababbin Intel sun koma suna Core Ultra, amma haruffan suna nan.

Wane kati zan nema, kuma giga nawa?

Ga mai renda, Nvidia mai RTX a sunansa. Ba don katin AMD ba shi da ƙarfi ba, a'a, sai don yawancin injinan renda an gina su ne a kan fasahar CUDA da OptiX ta Nvidia, kuma su ake fara gyara wa matsala. Tun 2018 katunan RTX suke zuwa da sashe na musamman mai bin sawun haske, abin da GTX ba su da shi.

Bayan suna, ka dubi ma'ajiyar katin ta kansa, wadda ake kira VRAM. Duk abin da ke cikin zanenka, bishiyoyi da motoci da hoton tayil da labule, a nan ake loda shi. In ya cika, ko renda ta koma tafiyar hawainiya ko manhajar ta rufe kanta. Giga 4 na koyo ne. Giga 6 zuwa 8 za su riƙe gida ɗaya da harabarsa. In za ka yi rukunin gidaje ko kasuwa ko masallaci da filinsa, nemi 12 zuwa sama. Shi ya sa har yanzu nake girmama RTX 3060 na tebur da ya fito a 2021 da giga 12. Ba shi ne mafi sauri ba, amma yana ɗaukar kayan da 4060 mai giga 8 zai kasa. Akwai 4060 Ti da 5060 Ti masu giga 16, sai 3090 da 4090 masu 24, da 5090 mai 32 ga wanda aikinsa ya kai nan.

Ka kula, suna ɗaya ba ƙarfi ɗaya ba ne tsakanin laftof da tebur. RTX 3060 na laftof giga 6 ne. RTX 4090 na laftof giga 16 ne. Ko a tsakanin laftof biyu masu 4060, wata an ba katinta wat 45, wata sama da 100, kuma bambancin a bayyane yake. Ka tambayi wat nawa aka ba katin.

Dole sai Quadro, tunda an ce shi ne na ƙwararru?

Ba dole ba ne. Katunan ƙwararru, da a da ake kira Quadro, suna da amfani ga mai SolidWorks da manyan kamfanonin da ke son tabbacin mai manhaja. Ga mai renda, katin 'yan wasan gem ya fi biyan kuɗin sabulu. Tsofaffin Quadro P1000 da T1000 da ke cikin laftof na hannu giga 4 ne, kuma ba RTX ba ne. In ka sayi katin gem, ka sa masa direban Studio na Nvidia maimakon na wasa.

RAM da ma'adana fa?

Giga 16 ne mafari, 32 ne inda hankali ke kwanciya, 64 ga mai After Effects ko babban aikin Revit. Abin da ya fi yawansa a ranar saye muhimmanci shi ne a iya ƙarawa, don haka ka tambaya ko akwai gurbi ko a manne yake.

Windows da manhajoji da aikin da kake kai su zauna a SSD, wato ma'adana mai sauri wadda ba ta juyawa. Tsohon faifai mai juyawa megabayit 100 zuwa 150 yake karantawa a daƙiƙa, SSD na SATA wajen 550, NVMe kuma dubbai. Giga 512 kan cika da wuri, tera ɗaya ya fi. Mai juyawar ka bar shi don adana ayyukan da aka gama.

Laftof ko ta tebur?

Da a ƙasar da ba a ɗauke wuta muke, da na ce ta tebur ba tare da dogon tunani ba. Ta fi ƙarfi a kuɗi ɗaya, ta fi shan iska, kuma in kati ya tsufa ka cire ka sa wani. Amma sayen doki daban, ciyar da shi daban.

Mu yi lissafi. Kwamfutar tebur mai matsakaicin kati, da monitarta, tana iya jan wat 400 lokacin renda. Batir mai bolt 12 da amfiya 200, a takarda wat 2,400 na awa ɗaya yake riƙewa, amma in ba na litiyom ba ne, rabi kawai ya kamata ka sha in kana son ya yi ƙarko. Ka ga awa uku kenan, ko ƙasa da haka in an cire abin da inbata ke ci. Laftof mai jan wat 150 za ta yi wajen awa bakwai a kan wannan batir, ga nata na ciki da zai riƙe ta in wuta ta yi ƙyaftawa. Katin 4090 na tebur shi kaɗai wat 450 ne. Wanda zai saye shi ya fara da lissafin sola.

Don haka in kana da ofis da tsayayyar wuta, ɗauki ta tebur, ka haɗa mata UPS, ka tabbata inbatarka mai ba da tsabtatacciyar wuta ce, wadda ake kira fiyo sayin web, domin akwatin wutar kwamfutocin zamani ba ya jituwa da ɗaya irin. Kada ka yi rowa wajen akwatin wutar nan, shi ne ke tsakanin katinka da hawa da saukar lantarki. In kuwa kana yawo tsakanin makaranta da fili da gidan mai aiki, ko a ɗakin haya kake, laftof ce taka.

Wani darasi da na koya da zafi: na taɓa barin bidiyon zagayen wani gida yana renda tun bayan isha'i, washegari da hantsi za a nuna wa mai shi. Wajen ƙarfe uku na dare batir ya ƙare, na tashi da asuba na tarar da fayil ɗin da ba ya buɗuwa. Tun daga ranar ban sake fitar da bidiyo a dunƙule ba. Hoto-hoto nake sa ya fita, kowane da lambarsa, in wuta ta yanke a na 600 sai in ci gaba daga na 601, daga baya in haɗa su.

Tawa tana fara aiki da sauri, bayan minti goma sai ta rage gudu. Me ya same ta?

Zafi ne. In masarrafa ta kusa maki 95 zuwa 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. A watan Afrilu, a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, iskar da fanka ke ja ma ta haura maki 40, to da me za ta sanyaya?

Sannan ga ƙurar hunturu. Buɗe laftof ɗin da ta shekara ba a share ba, ka ɗaga fanka, ka dubi tsakaninta da siraran ƙarafan da iska ke ratsawa. Za ka tarar da wani abu kamar audugar da aka danne, launin jar ƙasa, ya toshe hanyar gaba ɗaya, har ka iya ɗago shi da tsinke a haɗe bai rabu ba. Fanka tana ta ihu, iska ba ta fita. A share ta bayan kowane hunturu, a sauya man da ke tsakanin masarrafa da ƙarfen sanyaya in ya bushe. Ka riƙe fankar da yatsa lokacin da ake hura mata iska. Kada ka ɗora laftof a kan katifa ko darduma. Ɗaga bayanta ko da da littafi ne. Ta tebur kuma kada ta zauna a ƙasa. Manhajar HWiNFO kyauta ce, za ta nuna maka zafin. Renda mai tsawo kuwa ka bar wa dare.

Kuɗina na ta hannu ne. In saya?

Saya, yawancinmu da ita muka fara. A Farm Centre da titin Beirut a Kano, da Banex a Abuja, da Computer Village a Ikeja ana samun Dell Precision da HP ZBook da ThinkPad na jerin P, da kuma irin su Legion da Omen da TUF. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cinikin biri a sama. Ka je da kanka, ko ka tura wanda ya sani, da filas mai ɗauke da kayan gwaji, ka nemi a ba ka kujera da soket na rabin awa. Mai gaskiya ba zai hana ka ba.

GPU-Z zai faɗa maka ainihin katin da gigarsa. CrystalDiskInfo zai nuna lafiyar SSD da awannin da ya yi yana aiki. Sa Cinebench ko FurMark su yi minti goma sha biyar kana kallon zafi. In allo ya fara ɗige-ɗige ko na'urar ta mutu, tashi ka tafi. Buɗe farin shafi da baƙin shafi ka duba tabo a allo. Gwada kowane rami da kowane maɓalli. Shiga BIOS, wato saitin da ake shiga da an kunna na'ura, ka tabbata ba a kulle shi da kalmar sirri ba. In Mac ce, a goge ta a gabanka a sake kunnawa da intanet, don ka tabbata ba ta ɗaure da iCloud ɗin wani ko rajistar wani kamfani ba. Wadda aka kulle haka ba ta da amfani sai a kayan gyara. Caja ta zama tata ta asali, domin ƙaramar caja tana hana kati sakin ƙarfinsa.

Abubuwa biyu na musamman. Katunan jerin RTX 30 da yawa sun yi aikin haƙar kirifto dare da rana kafin Ethereum ta daina wannan tsari a Satumbar 2022, saboda haka ka matsa musu gwaji. Manyan masarrafan tebur na Intel zubi na 13 da na 14 kuma sun yi fama da matsalar lalacewa da kamfanin ya amsa a 2024, ya fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS. Wadda ta riga ta taɓu ba ta dawowa. Ka karɓi rasit mai lambar na'urar, da alƙawarin kwanakin gwaji a rubuce.

Windows 10 ta fi mini sauƙi. In zauna a kanta?

Microsoft ya rufe tallafinta na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma masu manhajoji suna janye jiki a hankali. Windows 11 tana buƙatar Intel zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama, da sashen tsaro da ake kira TPM 2.0. Wannan ya fitar da tsofaffin dawakai irin HP Z440 da Dell T5810 da ake sayarwa da araha. Mai saye yau kada ya sauka ƙasa da wannan layi.

Launin da nake gani a allo ba shi ke fitowa a wajen buga takarda ba. Laifin wa?

Sau da yawa na allon ne. Laftof masu araha, har da na gem, suna zuwa da allon da aka rubuta wa kashi 45 na NTSC, wanda bai kai kashi biyu cikin uku na launukan sRGB, ma'aunin launin da aka saba aiki da shi a allo, ba. Kai kana ganin kore mai duhu, ashe kore shar ka zaɓa. Nemi allon IPS mai kashi 100 na sRGB, ko ka sayi monita ta daban, inci 24 ko 27.

Sauran kuma bambancin haske da tawada ne. Allo da RGB yake aiki, injin bugu da CMYK, kuma akwai shuɗi da kore masu walƙiya da tawada ba za ta taɓa kaiwa ba. Fara aikin bugu a CMYK tun daga farko. In aikin babba ne, a buga maka gwaji ɗaya kafin a saki dubu. Masu maɗaba'a da yawa a garuruwanmu da CorelDRAW suke aiki, sau da yawa tsohon zubi, don haka ka tambayi wanne ne nasu ka adana daidai da shi, ko ka kai musu PDF.

Haruffan ƙ da ɗ da ɓ suna komawa akwati a zanena. Ajami ma yana wargajewa.

Ba laifin Windows ko Mac ba ne, salon rubutun da ka zaɓa ne ba shi da su. Charis da Andika da Gentium na ƙungiyar SIL, da Noto na Google, duk suna da haruffanmu masu lanƙwasa, kuma kyauta ne. Windows tana da allon rubutun Hausa a saitin harshe, manhajar Keyman kuma tana aiki a Windows da Mac da Linux. Don ajami, SIL ta yi Alkalami bisa salon rubutun Kano, da Harmattan. A InDesign sai ka kunna tsarin rubutun Gabas ta Tsakiya kafin ya tafi daga dama zuwa hagu a haɗe. Kafin ka kai aiki bugu, mayar da rubutu ya zama zane. A CorelDRAW, Ctrl da Q ne. Yana yi mini ciwo in ga bana mai tsada an rubuta kasa a inda ake nufin ƙasa.

Manhajojin nan da tsada. Kowa fasasshiya yake sawa, mene ne aibu?

Na san halin da ake ciki, tun da Adobe ya koma biyan kuɗin wata-wata a 2013, kuma da dala. Amma ka lura, kafin fasasshiya ta hau sai an ce ka kashe mai gadin kwamfutarka. Ta nan ake shigo da masu satar kalmar sirri, da masu haƙar kirifto da katinka a ɓoye, da masu kulle fayiloli su nemi fansa. Ga kuma haƙƙin masu ita, wanda ba ya faɗuwa don suna nesa.

Ƙofofin halas sun fi yadda ake zato yawa. Autodesk yana ba ɗalibai da malamai AutoCAD da Revit da 3ds Max da Maya kyauta, ana sabuntawa duk shekara. Blender kyauta ce tun 2002. Twinmotion kyauta ce ga wanda kuɗin shigarsa bai kai dala miliyan ɗaya a shekara ba. DaVinci Resolve ta kyauta ta ishi yawancin masu bidiyo. Affinity ma, bayan Canva ya saye ta, ta koma kyauta a Oktobar 2025.

Malam, ni ɗaliba ce a aji biyu na zanen gini, kuɗin da Baba ya ware kaɗan ne. Da me zan fara?

Ƙanwata, Windows za ki saya, saboda Revit na jiran ki a gaba. In kuɗin ya kai, nemi laftof ta hannu mai masarrafar H, zubi na 10 zuwa sama ko Ryzen makamanciyarta, da RTX 3060, ko 3050 in ya gagara, RAM giga 16 mai gurbin ƙari, da SSD giga 512. Za ta yi nauyi a jaka, cajarta ma kamar bulo, ki haƙura da wannan. Siririyar da za ta fi burge ki ba za ta kai ki aji huɗu ba.

In bai kai ba, kada ki ci bashi, kada kuma ki sayi tsohuwar mai katin da ya gaji don kawai an ce tana da girafik. Ɗauki ThinkPad ko Latitude ko EliteBook zubi na 8 zuwa sama, ki cika mata RAM zuwa 16. Za ta yi miki AutoCAD da SketchUp da ƙananan ayyukan Revit, kuma a wannan matakin su ne abin koyo. Ranar renda ki kai fayil ɗinki kwamfutar sashenku ko ta wata ƙawa, ki ci gaba da tarin ta gaba.

Ko wacce kika saya, ki rage canjin abu biyu: linzami mai waya mai ƙafar juyawa a tsakiya, domin ba a zanen gini da shafa yatsa, da kuma faifan waje. Duk ranar Juma'a ki kwafe ayyukanki a kansa, a makon da za a duba aiki kuma kullum da dare, kuma kada ki riƙa ajiye shi a jaka ɗaya da laftof ɗin.